Ku Gama Dariyar, Jirgina Zai Tashi

Na san labari ya riga ni isowa wurinku. An ce malamin nan na Zariya, tun da ya yi ritaya, ya shige ɗaki ya turo ƙofa yana haɗa jirgin wasan yara. Wasu sun ce furfura ce ta fara taɓa ƙwaƙwalwa, wasu kuma sun ce kuɗin sallama ne suka yi masa yawa. Wani abokin wasana Bakano ya tako har gida, ya duƙa ya ƙare wa abin kallo, da ya ɗago kai tambaya ɗaya ce ta fito daga bakinsa: "To Malam, nawa-nawa ake sarinsa?" Bakano ke nan. Ko watan daren sha huɗu ka nuna masa, sai ya tambaye ka dozin nawa ne a kwali.

Ban musa ba, jirgin ƙasa nake haɗawa. Kan jirgi ne irin na da, mai cin kwal yana fesa tururi, kuma tsawonsa da ƙyar ya ɗara yatsana na tsakiya. Wata shida na yi a kansa. Ku yi dariyarku ku more, amma ku gyara zama, domin ni ma ina da tambayoyi.

Ta farko: wanda bai taɓa yin motar kara ba a cikinku ya ɗaga hannu. Ai na san ba za a samu ba. Duk alhazan nan da ke kaɗa babbar riga suna cewa aikin banza nake yi, na san lokacin da suke tsugune a gindin rumbu suna ɓare karan dawa, suna soka ɓawon a jikin totuwa, suna yanka tsohon silifas su yi taya. Wanda ya samu gwangwanin madara kuwa, ai shi ne mai tirela a unguwa. Ni ban bar sana'ar ba, girma kawai na ƙara mata. Abin da ya raba aikina da naku shi ne ma'auni: ku da ido kuke auna motarku, ni da milimita nake auna jirgina.

Tambaya ta biyu, kuma a nan na san bakin wasu zai mutu: kun san cewa an taɓa yin jirgin ƙasa da ke tashi daga Zariya ya miƙe har Jos, ba tare da ya bi ta Kaduna ko Kafanchan ba? Na ga ana kallon juna. To, an yi. Turawa suna kiransa ƙaramin jirgin Bauci, kodayake tun da aka shimfiɗa layin har aka naɗe shi bai taɓa shiga garin Bauci ba. Sunan lardin aka ba shi, domin a wancan zamani Jos da tsaunukanta a ƙarƙashin lardin Bauci suke. 'Yan'uwana Bausawa, ku yi haƙuri, sunanku aka ara aka yi biki ba a gayyace ku ba.

Kuza ce ta jawo shi. Kafin zuwansa, a kan mutane ake ɗaukar kuza daga tsaunukan Jos, 'yan dako su yi kwana da kwanaki suna tafiya har Loko a bakin kogin Binuwai. Da layin Baro zuwa Kano ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, sai aka tsaga reshe aka nufi wurin ma'adinai. Layin ya kai Rahama a 1912, ya hau dutse ya isa Bukuru a 1914, tsawon mil 143. Yana bi ta Soba da Dutsen Wai da Kudaru da Jengre. An rufe shi a 1957, bayan layin da ya zo ta Kafanchan a 1927 da manyan motoci sun ƙwace masa kasuwa. Mutanen Soba, ku tambayi tsofaffinku, akwai waɗanda suka ji kukansa da kunnensu.

Me ya sa ake ce masa ƙarami? Saboda faɗin layinsa. Tsohon layin dogon da kuka sani, na Legas zuwa Kano, tsakanin ƙarafunsa biyu ƙafa 3 ne da inci 6. Sabon nan na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, ƙafa 4 ne da inci 8 da rabi. Na Bauci kuwa ƙafa 2 ne da inci 6 kacal, wato inci 30. Yaro ɗan firamare zai tsallake shi ba tare da ya tattare wando ba. Siririn layi ya fi arha, ƙarfensa ba nauyi, kuma yana iya shan kwana mai tsanani, ya zagaye dutse maimakon a fasa dutsen. Kuɗin da aka rage a nan kuwa, a wani wuri ake biyansu: jirgin ba ya sauri, ba ya ɗaukar kaya da yawa, kuma duk buhun da ya iso Zariya sai an sauke shi an sake lodawa a babban jirgi, don ƙafafun wannan ba sa hawa layin wancan.

Kuma ba shi ne na fari ba. Tun 1901 Gwamna Lugga ya sa aka shimfiɗa ɗan layi mai wannan faɗin tsakanin Wushishi da Zungeru, don jigilar kaya daga bakin kogin Kaduna zuwa sabuwar hedikwatarsa. Kamfanin Hunslet na birnin Lids a Ingila ne ya ƙera kawunan jirgin, kuma ɗaya daga cikinsu aka girke a tashar Minna don tarihi. Irin wannan kan jirgin ne na sa a gaba. Yana da manyan ƙafafu shida masu ja, da ƙanana biyu a baya masu tallafe ɗakin direba, sannan tankunan ruwansa suna jikinsa. Masu harkar suna taƙaita bayanin ƙafafun da 0-6-2: ba ƙafa a gaba, shida a tsakiya, biyu a baya. Kun ƙaru ko ba ku ƙaru ba?

Sai wani ya ce, "To Malam, tun da kana so, ka saya mana a huta." A wane kanti? Masu ƙera irin waɗannan ƙananan jirage a Ingila da Jamus da Japan jiragen ƙasashensu suka fi yi, da waɗanda suke da masu saye. Ba wanda ya zauna ya ce bari in ƙera wa wani tsohon malami a Zariya jirgin Rahama. Wanda yake so, sai ya nemi abin da ya yi kusa da shi, ya yanka, ya ƙara, ya rage. Kada ma ku yi mini kallon baƙon abu. Mu da muke sayen motar da aka yi don mutum biyar mu ƙara mata sifirin ta ɗauki tara da buhunan masara, mu ne za mu yi mamakin gyaran kayan Bature?

Abin da na samu shi ne wani ɗan kwali da wani tsohon ɗalibina ya riƙo mini daga Ingila. A ciki akwai gutsattsarin roba a jere, a manne a jikin sanda kamar tsire, da takardar da ke nuna yadda za a haɗa su. In ka bi takardar sau da ƙafa, za ka samu wani ɗan guntun kan jirgi da Turawa ke wa laƙabi da Pug, irin wanda ake turin taragai da shi a tashoshin ruwa da masana'antu a arewacin Ingila tun ƙarshen ƙarni na 19. Ƙafafunsa huɗu, tankinsa a ɗore bisa tukunya kamar sirdi a bayan doki. Wannan kwalin tsohon hannu ne: kamfanin Kitmaster ya fara fitar da shi, ya koma hannun Airfix, daga baya Dapol ya gaje shi. Shekara da shekaru masu sha'awar siririn layi suna sayensa don kawai su yi masa fiɗa. Na karanta takardar tsaf, na gode wa wanda ya rubuta ta, na ninke na sa a ƙarƙashin kofin shayi.

Yanzu ga lissafi, Kanawa ku matso, nan ne wurinku. A ma'aunin da nake aiki da shi, kowace ƙafa ɗaya ta jirgin gaske milimita 4 ce a kan teburina. Wato an rage komai sau 76. Dogon mutum mai ƙafa 6 ya koma milimita 24, bai kai tsawon ashana ba. Layin da ake ɗora jirgin a kai faɗinsa milimita 9 ne, shi ya sa ake kiran wannan ma'auni OO9. Wani malamin lissafi a majalisarmu ya yi shiru yana motsa baki, can sai ya yi tsalle kamar ya kama ɓarawo: "Ƙarya ta ƙare! Ƙafa 2 da rabi sau 4 ai 10 ne, ba 9 ba!" Gaskiyarsa. Layina ya gaza da milimita ɗaya, kuma na sani tun kafin in fara. Milimita 9 shi ne layin da ake samu a kasuwa, da ƙafafunsa da injinsa. Amma ku duba ikon Allah: mutumin da jiya yake cewa wasan yara nake yi, yau ga shi yana neman ya kai ni ƙara a kan milimita ɗaya. Malam, sannu da shigowa.

Fiɗar ta fara daga ƙasa. Pug na cikin kwali ba shi da inji, ƙafafunsa na roba ne, kuma an yi su don layi mai faɗi. Sai na ajiye su gefe, na nemo ƙasan wani tsohon ƙaramin jirgi mai ƙafa shida da ɗan injin lantarki a ciki, wanda aka yi don layin milimita 9. A nan sirrin sana'ar yake. Kan jirgin siririn layi ƙarami ne, amma direbansa cikakken mutum ne, ba a rage masa tsawo ba. Don haka ƙafafu da tukunya ƙanana, ɗakin direba kuwa dogo, bututun hayaƙi ma dogo don hayaƙi ya wuce saman rufi. Shi ya sa irin waɗannan jirage suke kama da yaron da ya saka hular babansa. In ka rage ɗakin don ya dace da ƙafafun, ka yi jirgin da sai aljani zai tuƙa.

Na cire sirdin nan, sai ya zama ba tukunya. Na fara gwada jikin sirinji, don kaurinsa ya yi daidai, amma robarsa ba ta jin gam, ba ta jin fenti, taurin kai kamar jakin da ya ga gada. Mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne ya fisshe ni. Ya yanko mini guntun bututun tagulla mai kaurin rabin inci, wato milimita 12 da ɗoriya, wanda a ma'aunina ya zama tukunya mai kaurin ƙafa 3 da 'yan kai. Da na gaya masa abin da zan yi da shi, sai ya ƙi karɓar kuɗi, ya ce, "Baba, Allah ya ba da lafiya." Har yau ina tunanin wace lafiyar yake nufi.

Tankunan gefe da fallen roba na yi su, ina yankawa da reza a jikin rula ta ƙarfe, ina gogewa da samfefa har kusurwa ta zauna. Kawunan ƙusoshin da ke jere a jikin tankin gaske kuwa, da tsinin allura na danno su ɗaya bayan ɗaya ta bayan fallen. In hannu ya karkace sau ɗaya, layin ya lalace, sai a sake sabo. Tanki huɗu na zubar kafin in samu biyu. Ɗakin direba na buɗe masa gefe da gefe, na faɗaɗa rufin, domin wanda ya yi ɗakin Pug sanyin Ingila yake gudu, ni kuwa direbana zafin Zariya na watan Afrilu zai sha, ga wutar kwal a gabansa. Cikin tankunan na cusa darma, irin wadda masu faci ke maƙalawa a jikin wilin mota. In ba nauyi, ƙafafun sai su yi ta juyawa wuri ɗaya kamar mai neman aiki a sakatariya.

Uwargida ta leƙo wata rana, ta ga tarkacen da na zubar ya fi wanda na ɗauka yawa, ta ce, "Malam, to me ya rage na cikin kwalin?" Na lissafa mata: bututun hayaƙi, da murfin gaba, da fuskar ɗakin direba, da akwatunan tururi biyu na gefe. Ta ce, "Wato ka sayi rago don ƙaho." Ban ba ta amsa ba, domin matsefatarta ta cire ƙaya tana cikin aljihuna a lokacin, da ita nake ɗaukar ƙananan ƙusoshi. Wata ƙusa ma da ta fi ƙwayar gero ƙanƙanta ta faɗi a tabarma, muka kwana biyu muna nema ni da jikana. Kaza muke zargi, amma ba shaida.

Ranar gwaji na tara majalisa, don gani ya kori ji. Irin wannan jirgi ta layin yake shan wuta: ƙarfe ɗaya ya kawo, ɗayan ya mayar, ƙarfin wutar bai wuce bolt 12 ba. Da yake an ɗauke wuta, batirin sola na jona. Na murɗa makunni. Shiru. Na ƙara murɗawa, sai wani ɗan wari ya tashi. Bakanon nan ya ce, "Alhamdu lillahi, ga hayaƙin ya fara." Ashe tukunyar tagullar ce ta taɓa wayoyin injin, wuta ta haɗu. Na kwance, na naɗe wurin da salatif, na mayar. A karo na biyu ya tashi da gudu kamar an koro shi, ya isa kwanar farko, ƙananan ƙafafun baya suka yi tsalle, ya kwanta a gefe. Jikana ya tafa hannu ya ce, "Tsoho, jirginka ya yi hatsari, a kira 'yan kwana-kwana!" Majalisa ta watse da dariya, har da masu riƙe ciki.

Na bar ku kun ci wannan. Amma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Mako biyu na yi ina bin laifin. Ƙafafun bayan ba su da sararin juyawa, sai na faɗaɗa ramin ƙusarsu na ɗora musu 'yar ƙwayar darma. Sannan na gano babban maƙiyin wannan sana'a a ƙasarmu, wato ƙurar hunturu. Ƙurar da ido ba ya gani ta isa ta raba ƙafa da layi, wuta ta yanke. Yanzu kafin kowace tafiya sai na goge layin da ƙyalle, in an gama in lulluɓe shi kamar amarya. Gudu ma na koya masa natsuwa. Jirgin da ke tafiyar mil 15 a awa, in an rage shi sau 76, abin da zai ci a daƙiƙa ɗaya bai wuce santimita 9 ba. Wanda ya fi haka, ya zama ɗan acaɓa.

Saura masu cewa, "To ina tururin? Jirgin tururi da batir?" Wannan kam kun kama ni. Akwai masu yin na gaske, masu tukunyar da ake zuba wa ruwa a kunna mata wuta, amma sun fi nawa girma nesa ba kusa ba, a lambu ake shimfiɗa musu layi, kuma kuɗinsu ba na ɗan fansho ba ne. Nawa kamannin kawai ya ɗauka. Na yi masa baƙin fenti, na daka gawayi na zuba masa a mazubin kwal, na kankaro baƙin gindin tukunyar uwargida na shafa a bakin bututun, na bi ƙasansa da jar ƙasa. Jirgin da ya yi aiki ba ya ƙyalli. Duk wanda ya ga yana sheƙi, bai taɓa hawa dutsen Jos da kaya ba.

Na san tambayar da kuka ɓoye a ƙarshe, ita ce mai nauyi: me aka ƙaru da shi? Ba zan ce muku zai kawo ko sisi ba, Bakano ya riga ya tafi da takaici. Amma don in san tsawon bututu ɗaya, sai da na je Jos da tef ɗin awo, na zagaya tsofaffin kawunan jirgin da aka ajiye a wajen gidan tarihi, na leƙa ƙarƙashinsu mai gadi yana kallona. Don in san inda layin ya bi, sai da na zauna da tsofaffi, aka nuna mini tudun ƙasar da ya miƙe cikin gonaki, wanda matasan wurin ke tsammanin haka Allah ya halicce shi. Da hannu aka tara wannan ƙasar, da kwando da diga, kuma kakanninmu ne leburorin, da yawansu ba da son ransu ba, ta hannun sarakuna aka ɗebo su. Kuza ta tafi Ingila, layin an naɗe, sunayensu ba wanda ya rubuta. Da ban tsaya auna milimita ba, da ni ma ban tambaya ba. Wanda kuma yake ganin na ɓata lokaci, ya duba wayarsa ya gaya mini awa nawa ya yi jiya yana gardamar ƙwallon Sifen, da abin da ya ɗora a tebur bayan an tashi.

Jirgina dai yanzu yana jan tarago uku, biyu na kuza ɗaya na fasinja, yana zagaya allon da bai fi ƙofar ɗaki girma ba. Na lissafa, in zan yi layin duka daga Zariya zuwa Bukuru a wannan ma'auni, sai na samu tebur mai tsawon kilomita 3, don haka na tsaya a tashar Rahama. Malamin lissafin nan kullum yana nan bayan la'asar, wai ya zo duba kuskure, kuma shi ke riƙe mini fitila. Jikana ya daina kiran 'yan kwana-kwana, ya koma roƙon a bar shi ya murɗa.

Ƙofa a buɗe take ga duk mai son gani, Bakano ma ya dawo, ba na riƙo. Sharaɗi biyu ne kawai: ido ke kallo ba hannu ba, kuma wanda yake da tsoho a gida da ya taɓa shiga jirgin Zariya zuwa Jos, ya tambayo mini launin taragon fasinja kafin ya zo. Fenti na nan a ajiye, shi kaɗai nake jira.